Ziyarar Heidelberg daga Frankfurt: mu bi motar 'yan yawon buɗe ido ko mu kwana?

Tambaya: Zan je kwas a Frankfurt cikin watan Yuni tare da uwargida, an kuma ba mu hutun Juma'a da Asabar. An ce mana Heidelberg na kusa, har akwai motocin da ke kai baƙi da safe su dawo da su da rana. Mu bi su ko mu je da kanmu? Me ya kamata mu gani, ina za mu yi Juma'a, me za mu ci? Uwargida tana fama da ciwon gwiwa, ba ta jure hawa.

Amsa: Malam, kada ku bi motar nan. Ku hau jirgin ƙasa da kanku, ku kwana a garin. Na zauna a Heidelberg lokacin da nake aikin bincike, na kuma sha raka baƙi zagaye, saboda haka na san yadda motocin ke yi. Su sauke mutane kusa da tsohuwar fada, a ɗauki hoto, a leƙa wata ƙatuwar ganga, a gangara gada a sake ɗaukar hoto, a sayi tsaraba, direba ya danna oda. Mutum ya dawo yana cewa ya ga Heidelberg, alhali jami'ar da ta riƙe garin fiye da shekara 600 ya ratsa ta tsakiyarta bai ma sani ba. Wannan ne ke ba ni takaici, domin fadar kango ce, jami'ar kuwa tana nan da ranta.

Tafiyar ba ta da wuya. Daga Frankfurt jirgi mai sauri kan kai cikin kamar awa ɗaya, kuma da yawansu ta Mannheim suke bi, wanda ya yi muku daidai. Ku sauka a Mannheim ku yi Juma'a a masallacin Yavuz Sultan Selim da ke kan titin Luisenring. An buɗe shi a 1995, yana ɗaukar mutum wajen 2,500, yana cikin manyan masallatan Jamus, akwai kuma wurin mata. Turkawa ne ke kula da shi, don haka huɗuba da Turkanci za ku ji, galibi a maimaita da Jamusanci. A watan Yuni rana ba ta yin zawali a can sai wajen ɗaya da rabi, to kuna da lokaci. In an idar, ku taka zuwa unguwar da ke kewaye da Marktplatz na Mannheim, inda gidajen abincin Turkawa suke jere, ku ci gasasshen nama na halal ku ƙoshi. Na faɗi haka ne da gangan: samun irin wannan ya fi sauƙi a Mannheim fiye da tsohon garin Heidelberg. Daga nan zuwa Heidelberg tafiyar kamar minti ashirin ce.

Babbar tashar Heidelberg tana sabon gari, kada ganin gine-ginen gilashi ya sa gwiwarku ta yi sanyi. Akwai ofishin baƙi a bakin tashar, inda ake sayar da katin HeidelbergCARD, wanda ya haɗa kuɗin bas da jirgin cikin gari da tikitin shiga fada. Ku sayi na kwana biyu. Batun masauki, ku nemi otal a unguwar Neuenheim ko Bergheim ko Weststadt. Tsohon gari yana da kyau, amma daren Juma'a da na Asabar hayaniyar mashaya, musamman wajen Untere Straße, kan kai tsakar dare, kuma yawancin tsofaffin gidajen da aka mayar otal ba su da lif. Ka tambayi wannan tun kafin ka biya, saboda gwiwar uwargida. Ka tambayi na'urar sanyaya ɗaki ma, domin ba kowane otal ke da ita ba, kuma Yuni kan yi zafi a kwarin nan.

Tsohon garin siriri ne, an matse shi tsakanin kogin Neckar da dutsen Königstuhl. Titi guda ne ƙashin bayansa, Hauptstraße, mai tsawon kimanin kilomita 1.6, na masu tafiya a ƙasa ne, ya tashi daga dandalin Bismarckplatz ya nufi gabas. Shimfiɗe yake, ba hawa. Za ka lura lungunan ƙanana ne irin na zamanin da, amma gidajen ba su kai lungunan tsufa ba. Dalili shi ne sojojin Sarkin Faransa Louis na 14 sun afka wa garin a 1689, suka dawo a 1693 suka ƙone shi ƙurmus, a yaƙin da aka yi kan gadon sarautar yankin Pfalz. Da mutane suka dawo sai suka yi sabon gini a kan tsohon harsashi. Cikin 'yan gidajen da suka tsira akwai Haus zum Ritter, wanda wani attajiri mai sayar da yadi, Charles Belier, ya gina a 1592. Shi kansa gudun tsangwamar addini ne ya kawo shi garin. A Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, lokacin da aka ragargaza Mannheim da Frankfurt, Heidelberg ta tsira kusan ba ƙwarzane. Abin da kake gani na gaske ne, ba kwaikwayon da aka yi bayan 1945 ba.

Yanzu jami'a, wadda nake so ku ba ta yammacin Juma'ar gaba ɗaya. Mu mun saba jami'a tana da katanga da ƙofa da masu gadi, kamar yadda mutum zai shiga ABU a Samaru ya san ya shiga. A nan ba haka ba ne. Wannan gidan sashen falsafa ne, na kusa da shi kantin burodi, na gaba sashen harsuna, sama kuma ɗakunan haya. Garin yana da mutum kimanin 160,000, jami'ar kaɗai tana da ɗalibai wajen 30,000, to duk inda ka juya ɗalibi ne a kan keke.

An kafa ta a 1386, ita ce mafi tsufa a ƙasar Jamus ta yau. Rikicin addini ne ya haife ta. A 1378 cocin Katolika ya rabu biyu, Fafaroma ɗaya a Roma, wani a Avignon ta Faransa. Jami'ar Paris ta bi na Avignon, malamai da ɗaliban da suka fito daga ƙasashen Jamus kuwa sarakunansu na bayan na Roma, zaman Paris ya gagare su. Ruprecht na 1, sarkin Pfalz, ɗaya daga cikin manya bakwai masu zaɓen sarkin daular da ta haɗa ƙasashen Jamus a lokacin, ya ga dama ta samu. Ya nemi izinin Fafaroman Roma, ya jawo wani shahararren malami daga Paris, Marsilius von Inghen, ya zama shugabanta na farko. Daga baya yaƙe-yaƙe suka durƙusar da ita, har sai da Karl Friedrich na Baden ya farfaɗo da ita a 1803, shi ya sa take ɗauke da sunayen sarakunan biyu, Ruprecht da Karl.

Ku nufi dandalin Universitätsplatz. A tsohon ginin jami'ar akwai ɗan gidan tarihi da kuma Alte Aula, zauren taro da aka ƙawata da katako da zane-zane a 1886, bikin cikarta shekara 500. A bayansa, cikin lungun Augustinergasse, nan ne wurin da ban taɓa kai baƙo ya fito bai yi ta magana a kansa ba: kurkukun ɗalibai, Studentenkarzer. A da jami'ar tana da hurumin hukunta ɗalibanta da kanta. Ɗan sanda in ya kama ɗalibi, sai dai ya miƙa shi ga hukumar makaranta. Daga 1778 zuwa 1914 a wannan gidan ake tsare su, saboda laifuka irin su buguwa, ihu cikin dare, zagin 'yan sanda, faɗa da takobi, ko sakin aladun mutane a bi su da gudu cikin lungu. Hukuncin kan kai har mako huɗu. Kwanakin farko burodi da ruwa kawai, daga baya a bar mutum ya sa a kawo masa abinci daga waje, a kuma bar shi ya je aji ya dawo.

Matakalar ƙunci gare ta, ta katako ce, uwargida ta hau a hankali, amma ta daure ta hau. Tun daga matakalar har rufin ɗakuna babu tafin hannu guda na bango da ba a yi zane a kai ba. Yawanci fuskokin samari ne ta gefe, baƙi ƙirin, an yi su da baƙin hayaƙin kyandir, kowane da hula mai launin ƙungiyarsa, a ƙasa an rubuta suna da ranar shiga da ranar fita, wani har da laifin da ya yi. Ga gadon ƙarfe, ga tebur da aka sassaƙe da wuƙa har ba a gane fuskarsa. A jikin ƙofofi akwai ƙananan hotuna da suka liƙa. Sun raɗa wa ɗakunan sunayen manyan otal da fadoji. Zuwa ƙarshen zamanin wurin, shiga kurkukun ya zama abin alfahari a tsakanin 'ya'yan masu hali. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne shekarun da ke jikin bangon: waɗanda suka rubuta 1912 da 1913 samari ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya, tsararsu ce aka kwasa zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya a shekarar da aka rufe wurin. Ku duba lokacin rufewa tun da wuri, domin ba ya kai dare, ku fara da shi kafin komai.

In kun fito, ku duba ƙasa a dandalin. Akwai allo na tunawa da muhawarar da Martin Luther ya yi a garin a watan Afrilun 1518. Akwai wani kuma na tunawa da ƙona littattafai da ɗalibai masu bin 'yan Nazi suka yi a nan a watan Mayun 1933. A zamanin ne jami'ar ta kori malamanta da dama saboda Yahudawa ne ko saboda ra'ayinsu. Ina ganin ya kamata duk mai son ilimi ya tsaya a kan allon nan ko na minti ɗaya ne, don ya san ba jahilai ne suka kunna wutar ba, masu karatu ne. Farin ginin da ke gefe, Neue Universität, da kuɗin gudummawar Amurkawa aka gina shi a farkon shekarun 1930, wanda jakadan Amurka Jacob Gould Schurman, tsohon ɗalibin jami'ar, ya tara. Kaɗan gaba kuma ga babban ɗakin karatu na jan dutse, wanda aka kammala a 1905.

A kan Hauptstraße za ku wuce mutum-mutumin Robert Bunsen. Duk wanda ya shiga ɗakin gwaje-gwaje a sakandare ya san ɗan murhun gas mai sunansa. A garin nan aka ƙera shi. Amfaninsa shi ne harshen wutarsa kusan ba shi da launi, to in ka ƙona wani sinadari a ciki, launin sinadarin kaɗai za ka gani. Bunsen da abokinsa Gustav Kirchhoff suka riƙa ratsa wannan haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, suka gano kowane sinadari yana da layukan launi nasa na kansa da ba ya tarayya da wani. Wannan a 1859 ne. Da dabarar suka gano sinadarai biyu da ba a san su ba, caesium a 1860 da rubidium a 1861, da ita kuma aka fara sanin abin da rana da taurari suka ƙunsa ba tare da an je can ba. Gidan da ke fuskantar mutum-mutumin, Haus zum Riesen, akwai allo a jikinsa da ke tuna aikin Kirchhoff. Yau sassan kimiyya da asibitin koyarwa sun koma hayin kogi, a Neuenheimer Feld, inda cibiyar binciken ciwon daji ta Jamus take. Tsohon shugabanta Harald zur Hausen ya sami kyautar Nobel a 2008 saboda gano ƙwayar cutar da ke haddasa kansar bakin mahaifa. Ba wurin yawon buɗe ido ba ne, na ambata ne don ka san aikin bai tsaya a tarihi ba.

A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, wannan kuma riba ce babba ga wanda ya kwana. Wajen bakwai ku nufi tsohuwar gada, Alte Brücke. Sarki Karl Theodor ne ya gina ta da jan dutse, aka gama a 1788, bayan ƙanƙara da ambaliya sun tafi da ta katako a 1784. Sojojin Jamus da kansu suka fasa ta a ƙarshen Maris na 1945 don tare Amurkawa, mutanen gari suka yi karo-karo aka gyara ta zuwa 1947. A bakin ƙofarta akwai birin tagulla riƙe da madubi, za ka ga mutane sun yi layi suna shafa shi wai don samun arziki. Ku wuce abinku, na 1979 ne, camfi ne kawai.

A hayin gadar ne ake hawa zuwa Philosophenweg, hanyar da ke bin kafaɗar dutsen Heiligenberg, mai tsawon kamar kilomita biyu, inda ake ɗaukar hoton garin da kowa ya sani. Gefen yana fuskantar kudu, yana da ɗumi har ɓaure da lemo na yi a lambunansa. Amma gajeriyar hanyar hawa, Schlangenweg, matakala ce mai tsayi da lanƙwasa, ba ta mai ciwon gwiwa ba ce ko kaɗan, hanyar ɓangaren Neuenheim ma farkonta hawa ne sosai. Shawarata: ku tsallaka gadar ku bi bakin kogi ta hagu. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, akwai wuraren zama, kuma daga nan za ku ga gada da coci da fada a jere, rana tana dukan jan dutsen daga yamma har ya yi kamar garwashi. In kai kana da ƙarfi, ka bar ta ta huta a ƙasa ka hau ka dawo. A kan wannan titin na bakin kogi, Neuenheimer Landstraße, akwai gida mai allo da ke nuna Muhammad Iqbal, mawaƙi kuma masanin falsafa da Pakistan ke girmamawa, ya zauna a ciki a 1907 yana koyon Jamusanci. Garin ya sa wa wani titin gaɓar kogi sunansa, Iqbal-Ufer.

Ka kula da sallolin dare. Isha kan wuce sha ɗaya, asuba kuma tsakanin uku da huɗu gwargwadon jadawalin da ka bi, gari ya waye tun biyar da 'yan mintuna. Alƙibla kudu maso gabas take. A tsohon gari babu masallacin da za ku faɗa da ƙafa, masallatan Heidelberg suna unguwannin waje irin su Rohrbach, don haka ku riƙe darduma ku tsara sallolinku da komawa masauki.

Ranar Asabar ku yi sammako zuwa fada, ku isa ana buɗewa, kafin motocin nan su fara sauke jama'a. Kada ku hau da ƙafa, matakala ce fiye da 300. A dandalin Kornmarkt da ke gindin dutsen akwai jirgin da ake ja da igiyar ƙarfe, wanda ke aiki tun 1890, tikitin fada ya haɗa da shi, cikin 'yan mintuna kun isa. Farfajiyar daɓen duwatsu ce, a sa takalmi mara tsini.

Fadar ba gini ɗaya ba ce. Kowane sarki ya zo ya ƙara nasa, shi ya sa in ka tsaya a tsakar gida za ka ga zamani daban-daban suna kallon juna. Mafi kyau shi ne ginin Ottheinrich na shekarun 1550, wanda fuskarsa ke cike da sassaƙa, amma in ka ɗaga kai ta tagogin sama sararin samaniya za ka hango, babu rufi babu ɗaki. Kusa da shi ginin Friedrich na farkon shekarun 1600, da gumakan kakannin gidan sarautar a jere, shi kaɗai aka gyara sosai. Ku bi ta ƙarƙashinsa ku fita baranda, garin gaba ɗaya yana ƙasanku. Cikin ɗakunan sai da ɗan jagora ake shiga, akwai zagaye da Turanci, amma akwai hawa da sauka da yawa, kuna iya barinsa ba ku yi asara ba.

Abu biyu nake so kada ku tsallake. Na farko hasumiyar albarushi da ke kusurwar kudu maso gabas, wadda ake gani daga lambu ba tare da tikiti ba. Kaurin bangonta ya haura mita shida. Faransawa suka dasa mata nakiya a 1693, ba ta rugurguje ba, sai ta tsage, wani ƙaton ɓangare ya zame ya kwanta cikin gwalalo a dunƙule, yana nan har yau. Kana tsaye kana kallon cikin ɗakunanta da ginshiƙin tsakiya. Babu bayanin da zai nuna maka ƙarfin ginin da ƙarfin yaƙin kamar wannan. Na biyu gidan tarihin harhaɗa magunguna na Jamus, a ƙasan ginin Ottheinrich, kuma tikitinku ya haɗa da shi. An kwaso tsofaffin kantunan magani ɗungurungum an sake kafa su a ciki, da kantocinsu da tuluna masu rubutu, da turame da ma'aunai, da ɗakin saiwoyi da ganyaye da ƙaro. Duk wanda ya san harkar maganin gargajiya zai daɗe a nan.

Gangar da ake ta zuzutawa, an yi ta a 1751, tana cin lita kimanin 220,000, an yi ta ne don tara giyar inabin da manoma ke biya a matsayin haraji. Babu komai a cikinta yau. Aikin kafinta ne na ban mamaki, minti biyar ya isa.

A lambu za ku ga wata 'yar ƙofa mai ado, Elisabethentor, wadda Friedrich na 5 ya gina a 1615 don matarsa Elizabeth, 'yar Sarkin Ingila James na 1. Wannan Friedrich ɗin ne ya jawo wa garin bala'i. A 1619 ya karɓi sarautar Bohemiya da Furotesta suka miƙa masa, a 1620 aka ci shi da yaƙi kusa da Prag, a 1622 rundunar Katolika ƙarƙashin Janar Tilly ta kama Heidelberg. Abin da ya ƙarasa fadar kuwa aradu ce da ta faɗa mata a 1764. Daga nan mutane suka riƙa kwasar duwatsunta suna gina gidaje, har wani Bafaranshe, Charles de Graimberg, ya zo a 1810 ya tare a cikin kangon, ya zama mai gadinsa na sa kai, ya riƙa zana shi yana yaɗawa. Da shi da mawaƙa da masu zane na zamanin ne suka sa duniya ta fara zuwa kallo.

In sararin sama ya yi garau, ku ƙara kuɗi ku zarce da jirgin har ƙolin Königstuhl, mita 567. Sashen sama har yanzu taragun katako na 1907 ne ke aiki. In akwai hazo ku bar shi.

Da kun sauko, ku shiga cocin Heiliggeistkirche a Marktplatz. Ana barin kowa ya shiga in ba ibada ake yi ba, sai dai a rage murya. An fara gina shi a 1398. Tun daga waje akwai abin gani: ƙananan shaguna a manne tsakanin ginshiƙansa tun zamanin da, kuma a jikin dutsen bangon akwai siffar burodin nan mai lanƙwasa, Brezel, da aka sassaƙa don mai saye ya gwada ya ga ko mai gashi ya rage masa girma. A ciki ka ɗaga kai ka dubi faffaɗan benayen da ke gefe biyu. Littattafai aka yi su domin su. Nan aka ajiye Bibliotheca Palatina, taskar littattafai mafi daraja a ƙasashen Jamus a lokacin. Bayan kama garin a 1622, Maximilian mai mulkin Bavariya ya ba da ita kyauta ga Fafaroma Gregory na 15. A 1623 aka ɗaure ta a akwatuna, aka ɗora wa alfadarai, aka tsallaka duwatsun Alps da ita zuwa Roma, rubuce-rubucen hannu wajen 3,500 ban da bugaggun littattafai. A 1816 aka dawo da 847 na Jamusanci, yawancin sauran suna Vatican har gobe. Jami'ar ta ɗauki hotunan rubuce-rubucen ta saka a intanet, kowa na iya dubawa kyauta, wannan aiki ne da ya cancanci yabo.

Cocin nan kuma an taɓa raba shi da katanga, Katolika a gaba, Furotesta a baya, daga 1706 har 1936. Sarki Karl Philipp ya rushe katangar don ya ba Katolika duka, manyan ƙasashen Furotesta suka matsa masa ya mayar, ya fusata ya kwashe fadarsa ya koma Mannheim a 1720. Tun daga ranar Heidelberg ta daina zama gidan sarauta, jami'a ce ta rage mata. Kafin ku fita ku nemi wata jar taga ta zamani, ta Johannes Schreiter, mai ɗauke da lissafin Einstein da ranar 6 ga Agustan 1945, ranar da aka jefa bam a Hiroshima.

Taku kaɗan daga nan, a lungun Pfaffengasse, akwai gidan da aka haifi Friedrich Ebert a 1871, shugaban ƙasar Jamus na farko, daga 1919 zuwa 1925. Ɗan tela ne, shi kuma ya koyi ɗinkin sirdi. Shiga kyauta ne, kuma ganin ƙanƙantar ɗakunan da iyali guda suka rayu a ciki, har da wurin ɗinkin uban, yana nuna maka ɗaya fuskar garin, ta talakawan da ba su shiga jami'ar ba.

Batun abinci a Heidelberg, ka riƙe kalmomi uku: Schwein, Speck, Schinken. Duk alade ne. Abincin yankin irin su Maultaschen da Saumagen da Flammkuchen galibi da shi ake yi. Käsespätzle, taliyar ƙwai da cuku da soyayyar albasa, ya fi aminci, amma ka tambaya ko an barbaɗa Speck. Akwai shagunan döner, wato shawarmar Turkawa, da na Larabawa wajen Bismarckplatz da Bergheim, ka tambayi halal kai tsaye, ba wanda zai ji haushi. A abin sha, Apfelschorle ruwan tuffa ne da ruwa mai gas, lafiya lau. Radler da Weinschorle kuwa giya ce. Kek ɗin Schwarzwälder ma akan zuba masa barasa. Ruwan famfo ana sha. Ku riƙe tsabar kuɗi, domin ƙananan shaguna da ban-ɗakuna ba duka ke karɓar kati ba. Kada ku tsaya a kan layin keke, kuma kada ku shiga bas ko jirgi ba tikiti, tarar Yuro 60 ce. Tsaraba ku gama sayenta ranar Asabar, Lahadi kantuna a rufe suke.

In da sauran ƙarfi da yamma, Schwetzingen na da nisan kamar kilomita goma. A lambun fadar Karl Theodor akwai gini mai siffar masallaci, da kubba da hasumiya biyu da rubutun Larabci a bango, wanda Nicolas de Pigage ya gina tsakanin 1779 da 1795. Ba don salla aka yi shi ba, ado ne na zamanin da sarakunan Turai ke sha'awar Gabas, kuma mai karatun allo zai tsinci kurakurai a rubutun, don masu sassaƙar ba su san harshen ba. Lambun shimfiɗe yake amma yana da faɗi ƙwarai. In gwiwar ta fara ciwo, ku bar shi ku shiga jirgin ruwa a bakin Neckar ku yi ɗan zagaye kuna zaune. In kun je Schwetzingen, akwai jirgin ƙasa daga nan zuwa Mannheim, daga can ku kama na Frankfurt. Tikitin jirgi mai sauri ya fi araha in an saya tun da wuri a manhajar DB Navigator, sai dai mai arahar na jirgin da ka zaɓa ne kaɗai, in ya wuce ka sai ka sayi wani. Saboda haka na dawowa ku zaɓi na bayan ƙarfe bakwai na yamma, ku kuma biya kuɗin kujera don uwargida ta sami wurin zama.